Shuɗi Goma Sha Ɗaya

Wata tara muna bita, ni da Gaspar,
a ajin ƙarshe, can saman tudun Porto,
inda taga ke kallon kogin Douro
da kwalekwale masu dakon ganguna suna wucewa.

Takardar likita ta ce galahanga.
Ni dai yaro na sani, dogo, ɗan sha takwas,
mai ƙin a taɓa masa kafaɗa,
mai ƙirga matakalar makaranta kowace safiya,
arba'in da biyu, ba ya mantawa.

Na koya masa ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu, ba bakwai ba.
Na koya masa bas ɗin da ke bin gaɓa,
da abin yi in bas ɗin ya ƙi zuwa.
Na ce, in an miƙo hannu, miƙa naka.
In ido ya yi maka nauyi, dubi gira,
ba mai ganewa.

Na zama maigida, na sa tabarau, na ɗaure fuska:
"Me ya sa kake son aikin nan?"
Ya ce, "Ba ke ce maigida ba. Ke Malama Filipa ce."
Gaskiyarsa. Muka sake daga farko
har fitilun gada suka fara kamawa.

Ranar Talata, ana yayyafi,
uwarsa ta goge masa riga har sau biyu.
Shagon tsoho Abílio na cikin lungu,
inda ake gyaran tayil na bangon coci,
fari da shuɗi, wasu sun girmi kakan kakan kowa.

Tsoho ya miƙo hannu, duk farar ƙasa.
Hannun ya tsaya a iska.
Gaspar bai dubi gira ba,
ya wuce shi kamar an wuce turke.
Wata tara! Cikina ya ɗuri ruwa,
na fara haɗa kalmomin ban haƙuri ina haɗiyewa.

Shi kuwa ya sunkuya kan wani tebur
inda aka jera gutsattsarin hoton jirgin ruwa.
Ya daɗe, yana kaɗa yatsu kusa da kunne.
Sannan ya ɗaga ɗaya, bai fi ƙumba ba:
"Wannan ba ɗan gidan nan ba ne.
Shuɗinsa na bakwai ne, sauran na huɗu."
Tsoho ya kai shi taga, ya juya, ya juya,
ya ce, "Sati uku yana hana ni barci.
To shuɗi nawa ne duka?"
"Goma sha ɗaya a ɗakin nan.
Ban da na rigarka mai koɗewa."

Kada in yi ƙarya, ba nan ta ƙare ba.
Kwana na uku injin yanka ya yi kururuwa,
aka same shi ƙarƙashin tebur, hannu a kunne,
tayil biyu sun fashe, shi ya ƙi fitowa.
Aka kira ni. Na hau bas ɗin nan dai
ina tunanin abin da na koyar
da wanda ya kamata tun farko in koya wa.

Sai na zaunar da ɗan saba'in kan benci,
na fara masa daga baƙi:
Faɗi abu ɗaya a lokaci ɗaya.
"Anjima" ba lokaci ba ne, faɗi ƙarfe nawa.
In za a ta da inji, a ɗaga jan kati tukuna.
Ya yi gunaguni, wai shi da ya bar aji tun yana sha biyu,
amma ya zaro fensir daga bayan kunne yana rubutawa.

Yanzu inji sai ƙarfe ɗaya,
lokacin Gaspar na bakin kogi da burodinsa.
Har yau bai gaisa da hannu ba.
Jiya na bi ta lungun, ban shiga ba,
na hango kawuna biyu, fari da baƙi, a sunkuye,
ba mai ce wa wani uffan,
jirgin nan saura kusurwa guda a gama haɗawa.